Yadda ake farfaɗo da tsohuwar aska a gida ba tare da an kashe ta ko an yanke ba

A gidaje da yawa na Birni da Zango, unguwannin Damagaram, in aka buɗe adakar wani dattijo ko tsohuwar zabirar wanzami, ba a rasa aska ɗaya ko biyu da tsatsa ta rufe. Iri biyu aka fi samu. Akwai ta maƙeranmu, ƙarfe ɗaya tun daga baki har mariƙi, wadda wanzamai suka gada. Akwai kuma ta Turawa mai naɗewa, wadda bakinta ke shigewa cikin ƙota. Ba abin mamaki ba ne a same ta a Damagaram, garin da ya kasance hedkwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926, kuma yake kan hanyar fatake zuwa Kano. Jagorar nan ta fi karkata ga mai naɗewar, don ita ce ta fi saurin lalacewa a hannun mai gyara, amma inda ta gida ta bambanta zan faɗa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: tsatsa za ka cire, ba ƙarfe ba. Yawancin asaken da suka mutu, ba tsufa ne ya kashe su ba, mai son ya ga suna ƙyalli ne.

Duba ta kafin ka taɓa ta da komai

Fita da ita haske, ka buɗe ta a hankali. In ta ƙi buɗuwa kada ka tilasta mata. Ɗiga man keken ɗinki a kan ƙusar da take juyawa a kai, ka bar ta ta kwana.

Fara da rubutun da ke wuyanta, tsakanin baki da ƙusa. SHEFFIELD na nufin Ingila, SOLINGEN Jamus, THIERS Faransa. Garuruwan nan uku su suka yi suna wajen ƙera aska. Za ka iya ganin sunan kamfani kamar Wade & Butcher, ko Böker, ko Dovo da aka kafa a 1906, ko Thiers-Issard na 1884. Wata doka da Amurka ta yi a 1890 ta sa aka riƙa buga sunan ƙasa a kan kayan da ake kai mata, shi ya sa askar da aka rubuta wa SHEFFIELD kaɗai, babu ENGLAND, galibi ta girmi 1891. In ka ga INOX ko ROSTFREI, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa ne, wanda sai a 1913 aka gano shi. Sauran duk ƙarfe ne mai tauri da ke ɗaukar kaifi sosai, amma ɗigon ruwa ɗaya in ya kwana a kansa sai ya bar tabo.

Sai bakin. Kyamarar wayarka ta isa: matso da ita, ka ƙara girman hoton, ka bi kaifin daga gindi zuwa tsini. Abu uku kake nema. Na farko tsagewa. In ka ga ɗan layi siriri ya taso daga kaifi ya nufi gadon baya, magana ta ƙare, wannan ta ajiya ce, don tsagewa ba ta warkewa kuma tana iya ɓallewa a kan fuska. Na biyu giɓi. Ƙarami wanda bai kai milimita ɗaya ba dutse zai cinye shi, babba kuwa sai an rage faɗin askar duka. Na uku, wanda ya fi yaudara, ramukan tsatsa a dab da kaifi. Rami a gadon baya muni ne kawai. Rami a bakin kuwa, duk wasawar da ka yi sai ka tarar da wani a ƙarƙashinsa.

Daga nan ƙota. Ana yin ta da ƙaho, ko ƙashi, ko itace, ko hauren giwa, ko kuma wata tsohuwar roba da ake kira seluloyid. Goga ta da yatsa har ta yi ɗumi ka sansana. In ka ji ƙanshin kafur, ita ce. Robar nan tana kama wuta nan take, don haka nesa da murhu, nesa da taba. In ta tsufa kuma takan fara ruɓewa, tana fitar da wani iska mai tsami da ke cin ƙarfe. Alamarsa ba ta ɓuya: sashen bakin da ke kwance cikin ƙota ya yi tsatsa jawur, wanda ke waje kuwa fes. In haka ne, ƙotar ba ta gyaruwa. A cire ta a jefar, a sa kafinta ko mai sassaƙa ya yi wata da itace mai tauri ko ƙaho, kuma kafin nan kada ta kwana akwati ɗaya da wata aska.

Kayan aiki, da waɗanda za ka nisanta

Ba su da yawa, kuma kusan duk za ka haɗa su a Kasuwar Dole: man keken ɗinki, tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace, auduga, tsumma mai tsabta, sabulu, baƙin salatif na masu gyaran lantarki, ɗan guntun katako mai santsi, da man goge ƙarfe irin su Autosol in ya samu. Alkol mai digiri 70, wato mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a farmasi. Samfefa mai laushi kuwa, wadda ake jiƙawa, wurin masu sayar da fentin mota za ka nema, ba wurin kafintoci ba. Lambar tana bayan takardar: 400, 600, 1000, 1500, 2000. Yawan lamba, yawan laushi.

Wanda za ka nisanta na farko shi ne injin gurza ƙarfe na masu walda, da ma na masu wasa wuƙa a kasuwa. Taurin aska daga wuta aka ba ta shi, kuma zafin da ya haura digiri 200 yana fara warware shi. Bakin aska siriri ne ƙwarai, daƙiƙa kaɗan a kan inji sun isa ya kai nan. In ka ga ƙarfen ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi, ya riga ya mutu, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Ban da haka inji yakan fizge aska ya wurga ta, kuma ba ya zaɓen inda za ta sauka.

Na biyu ruwan batir, wannan ko kusa. Na uku jabel, ruwan nan na faranta tufafi: yana kashe ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma yana huda irin wannan ƙarfe, kuma in ya haɗu da abu mai tsami yana tayar da iska mai guba. Na huɗu yashi da toka, waɗanda ake goge tukunya da su. Zanen da suke bari ya fi tsatsar wuyar fita. Lemun tsami da ruwan kal ma ban yarda a tsoma aska a ciki ta kwana ba. Suna cin tsatsa, amma suna cin sirantaccen bakin tare da ita, su baƙanta ƙarfen, su shafe zanen ado. Man gyaɗa kuma na miya ne. A kan ƙarfe daskarewa yake ya yi danƙo.

Dakushe ta tukuna

Wannan zai yi wa wasu banbaraƙwai, amma kafin ka fara gogewa, ka ja bakin sau ɗaya ko biyu a kan gefen kwalba, ba dannawa. Tsohon kaifin ba shi da amfani, ai sabo za ka fitar daga baya, kuma aska mai shekara 80 tana iya raba yatsa har ƙashi. Ko bayan ka dakushe ta, ka ɗauke ta a matsayin mai kaifi.

Zauna a ƙasa ko gaban tebur mai faɗi, ka shimfiɗa tsumma. Yara su fita, a rufe ƙofa. In ta suɓuce, janye ƙafa ka bar ta ta faɗi. Kada hannu ya bi ta.

In tsautsayi ya gitta ka yanke, danne wurin da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa, sannan ka wanke da ruwa da sabulu. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki. In raunin ya buɗe baki, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yatsan ya daina ji, sai gidan likita. Ka tambaye su allurar tetanos: ba tsatsar kanta ke kawo ciwon ba, ƙwayar tana cikin ƙasa da ƙura ne, kuma babba yana bukatar sabunta allurar duk shekara 10.

Wanki

Ɗan ruwa a kofi da sabulu ya isa. Jiƙa buroshin ka wanke wuyan da kewayen ƙusa. Naɗe auduga a kan tsinke ka bi cikin ƙota. Abin da zai fito, tsohon sabulu da gashi da ƙurar hunturu ta shekaru, zai ba ka mamaki. Kada ka tsoma ƙotar cikin ruwa, kada kuma ruwan zafi ya taɓa ta: ƙaho yana lanƙwashewa, itace yana kumbura. Goge ta nan take, ka bar ta a buɗe a inuwa. Rana ta watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, tana iya murɗe ƙotar roba.

Askar maƙeranmu da ba ta da ƙota, ita kam a tafasa ta minti 20. Zafin tafasasshen ruwa digiri 100 ne, bai kai ya taɓa taurinta ba. A tsame ta da zafinta a goge, ta bushe da kanta.

Tsatsa: nan ne haƙuri yake

Kwantar da bakin a kan guntun katakon, kaifin ya manne da itacen yadda yatsa ba zai iya shiga ƙarƙashinsa ba. Yawancin asaken Turawa an rarake gefensu biyu, tsakiyar ta yi siriri har tana lanƙwasa in an danna ta da farce. In ka riƙe ta a sama kana gogewa da ƙarfi, tana iya karyewa.

Shafa mata man keke ka bar shi awa ɗaya ko fiye. Sannan ka kankare jar tsatsar da ta yi tudu da wani abu da bai kai ƙarfen tauri ba: guntun tagulla, ko takardar alminiyom da aka dunƙule. Goge ka duba. Sau da yawa a nan za ka ga abin bai kai yadda ka zata ba.

Ka'idar ita ce a fara da mafi laushi, sai ya gaza a sauko. Gwada man goge ƙarfe da tsumma tukuna. In bai yi ba, samfefa 1000 da ɗigon mai. In ita ma ta gaza, 600. Lamba 400 sai inda tsatsa ta yi kauri sosai, kuma ƙasa da haka ba ni ba shawara. Yanki ƴar ƙarama ka naɗe a kan abu mai taushi, kamar murfin kwalba na toshiya ko guntun tiyo, don ya bi ramin gefen askar. Hannunka ya riƙa tafiya daga gadon baya zuwa kaifi, ya sauka a kan katako. Kada ka taɓa turowa daga kaifi zuwa sama.

Duk lambar da ka fara da ita, dole ka hau matakan da ke sama da ita ɗaya bayan ɗaya har 2000, kuma ba a barin lamba sai zanen wadda ta gabace ta ya ɓace. Dabarar gane haka ita ce sauya hanya: wannan lamba a tsaye, mai bi mata a kwance. In ka tsallake daga 400 zuwa 1500 za ka sami aska mai ƙyalli cike da zane, ka koma baya dole. Aikin yana iya cin yamma biyu ko uku. Ba a yin sa da gyangyaɗi.

Wurare biyu a kiyaye. Gefen gadon baya, inda yake kwanciya a kan dutse, kada ka cinye shi, don kaurinsa shi ke tsayar da kusurwar kaifi. Sai rubutu ko zanen ruwan zinariya da ke jikin wasu: wanda aka buga da guduma a wuya yana jurewa, amma na jikin bakin bai da zurfi, shafa biyu ta samfefa ta tafi da shi har abada. Rufe shi da salatif ka goge kewaye.

Yaushe za ka tsaya? Da zarar ja ta ƙare. Jar tsatsa ita ce mai rai, mai ci gaba da cin ƙarfe. Baƙin tabo da launin toka da suka rage ba sa cutar da komai, hasali ma suna ɗan kare ƙarfen. A ganina askar kaka da ta fito da tabonta ta fi wadda aka murje har ta koma kamar ta jiya, ta kuma rasa rubu'in jikinta. Ramukan da suka yi zurfi, a zuba musu mai a sakace da tsinke, a ƙyale su.

Ƙota da ƙusa

Ƙaho da ya bushe yana farfaɗowa in an shafa masa man keke an bar shi ya sha kwana ɗaya ko biyu. Ƙashi da haure, tsumma mai ɗan danshi kawai. Seluloyid mai lafiya, sabulu da ɗan man gogewa. Alkol da ruwan goge farce suna narkar da shi.

In bakin yana lilo, ɗora kan ƙusar a bisa wani ƙarfe mai faɗi, ka riƙa bugun ɗaya kan da bayan cokali, bugu ƙanana, kana juyawa kana gwadawa. Guduma ta yi nauyi, bugu ɗaya mai ƙarfi yana tsaga ƙota. Abin da ake so, in ka buɗe ta rabi ta tsaya inda ka bar ta. Wajen rufewa kuma ka lura bakin yana shiga tsakiya, ba ya karo da gefe.

Kashe ƙwayoyin cuta

Askar da ta shekara 30 a akwati ba ta ɗauke da cutar jini mai rai. Amma wadda ka saya a kasuwa, ba ka san kan wa ta aske makon jiya ba, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7. Don haka bayan gogewa, a wanke man da sabulu, a zuba alkol mai digiri 70 a siririn kofi, a tsoma bakin kaɗai minti 10, ƙota tana waje. A bar shi ya bushe. A maimaita bayan wasawa.

Wannan tsabta ta aski ce, ta mutum ɗaya. Ba ta mayar da aska kayan kaciya ko tsaga ko cire belu ba. Kuma ko ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya ya ce ara mini, amsar a'a ce.

Wasawa

Hausawa sun ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi. In ba ka taɓa wasa aska ba, kuma wannan ta gado ce, ka kai wa dattijon wanzami ka zauna ka kalli hannunsa, ko ka koya da wata mai arha tukuna.

Dutsen wasa wuƙar mahauta ya yi kaushi. Duwatsun aska ana jera su ne 1000, sai 3000 ko 4000, sai 8000, wasu har 12000. In babu, jiƙa samfefa 1000 ka manna ta a kan gilashi mai kauri, sannan 2000, sannan mafi laushin da ka samu. Ba ta kai dutse ba, amma tana fitar da kaifi. Dutsen kuwa dole ya zama shimfiɗaɗɗe: zana layuka a kansa da fensir, ka goga shi a kan samfefar da ke gilashi har layukan su ɓace duka.

Manna salatif falle ɗaya a gadon baya. Kwantar da askar, baya da kaifi duka suna taɓa dutse a lokaci guda. Ba a ɗaga bayan kamar yadda ake wa wuƙa. Maƙerin ya riga ya auna kaurinsa don ya ba da kusurwa wajen digiri 16. Tura ta kaifi a gaba, kana ɗan karkatowa don gindi da tsini duka su samu. A ƙarshen dutse ka juya ta a kan bayanta, ba a kan kaifi ba, ka dawo. Nauyin askar ya isa, kada ka ƙara naka. Ta maƙeranmu ba ta da wannan kaurin baya, sai an ɗan ɗaga da hannu, shi ya sa tata wasawar ta fi bukatar malami.

Kusan duk aikin a dutsen farko yake. Shafa baƙar tawadar maka, alƙalamin nan mai kauri, a kaifin gefe biyu, ka yi ja uku ka duba: inda tawada ta rage, dutse bai taɓa nan ba. Kada ka bar 1000 sai askar tana aske gashin hannu daga gindi har tsini. Wanda ya yi gaggawar hawa dutse mai laushi, dakusasshen baki kawai zai goge ya yi sheƙi. Sauran duwatsun, zuwa da dawowa 20 zuwa 30 kowanne, hannu yana ƙara sauƙi. Kada ka gwada kaifi da takarda ko da tafin yatsa.

Goga askar a kan fata shi ne na ƙarshe, kuma nan garinmu ya yi sa'a da dukawa. A yanko maka fatar saniya mai santsi wadda aka jeme da bagaruwa, faɗi santimita 6 ko 7, tsawo wajen 50, ba ɗinki ba ado. Ɗaure kai ɗaya a ƙusa ko ƙarfen taga, ka ja ta miƙe sosai. A nan tafiyar akasin ta dutse ce: gadon baya a gaba, kaifi yana bi. Juyawa a kan baya. Sau 40 zuwa 60, a hankali. Saurin da ka ga wanzami yana yi, shekaru ne suka ba shi. In fatar ta yi sako-sako, kaifin zai dunƙule, ka koma dutse.

Gwajin gaskiya a kumatu ne. Jiƙa gemu da ruwan ɗumi da sabulu, ja fatar kumatun da ɗaya hannun, kwantar da askar kusa da fuska, kada kusurwar ta wuce digiri 30, ka bi yadda gashi ya kwanta. In tana fizga ko tana sa hawaye, ba ta kai ba. Ranar farko ka tsaya a kumatu, haɓa da ƙarƙashin hanci su jira.

Ajiya

Bayan kowane aski a ɗauraye bakin kaɗai, a goge daga baya zuwa kaifi, a bar ta a buɗe ta sha iska kafin a naɗe. Ruwan da ya maƙale a ƙusa shi ke fara ɓarna. Da rani wannan ya wadatar. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa, da iska ke ɗauke da laima, a shafa mata man keke ko basilin kaɗan, a goge kafin aski na gaba. Kada ta zauna a makewayi, kada kuma ta daɗe cikin kuben fata, don fata tana jan danshi. Gwangwani mai murfi, da ƴar jakar nan ta tsotse laima da ake samu cikin kwalin takalmi, a saman kabad inda hannun yaro ba ya kaiwa. In ba ka amfani da ita, ka riƙa buɗewa kana dubawa farkon damina da ƙarshenta.